KEKEN AUTA

Shafi na 9

Salamu alaikum. Masu cewa na ajiye su a asibiti na gudu, ku gafarce ni, ban gudu ba. Shafin ne ya yi mini nauyi, in rubuta in goge. In kun ga kuskure ku gaya mini a hankali.

*

Baba ya yaye bargon daga ƙafafun Auta, ya lakato man zafi, ya fara murzawa daga diddige zuwa ƙwauri, kamar yadda yake yi kullum tun da aka fito da yaron daga ɗakin tiyata.

"Ka ji nan?"

"A'a, Baba."

"Nan fa?"

"Ban ji ba."

"To. Gobe za ka ji."

Haka ya ce jiya, haka ya ce shekaranjiya. Auta ya zuba wa hannayen ido. Baƙin man inji ya riga ya zauna a layukan fatarsu, ba sabulun da zai fitar da shi, don tun kafin a haifi Auta suke kwance babura suna ɗaurawa. Yana ganin yatsun suna lotsa naman ƙafarsa, amma kamar ƙafar mutumin gadon kusa ake matsawa. Likita ya ce sai kumburin ƙashin baya ya sauka kafin a san abin da ya rage.

Yaya tana bakin gado tana ɓare masa lemo.

"Baba, ka rage masa fata mana," ta ce. "Ƙafa ce, ba tayar babur ba."

"Ke dai yi aikinki."

Ya mayar da bargon, ya goge hannu a gefen rigarsa, sannan ya ce ba tare da ya dubi kowa ba, "Yau ne 'yan ƙungiyar taku za su zo dubiya, ko? Masu matsattsun wandunan nan."

"Kyaftin ɗinmu ya ce sai bayan la'asar," in ji Auta.

"Madalla. Ina da magana da su. A gaban kowa zan yi ta, don su san wanda suke damƙa wa rayukan 'ya'yan mutane."

Ba sai ya kama suna ba. Dogo yake nufi.

Dogo a garejin Baba ya tashi. Nan ya koyi riƙe sifana, nan ya sha ranƙwashi har ya iya aiki, sai rana ɗaya ya ce ya bar babura, ya buɗe 'yar rumfarsa ta gyaran kekunan hawa dutse. Shi ya ja Auta cikin harkar tsere. Shi ya duba keken Auta ana gobe tseren. Kuma da Auta ya faɗi, shi ya ɗauke keken daga kan dutsen ya ɓoye, har yau ya ƙi nuna wa kowa. Baba ya yi sintiri a rumfar har ya gaji.

"Wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya ɓoye keke," Baba ya ce.

Auta ya juya fuskarsa wajen bango.

Shi ma bai yarda Dogo ya shigo ba tun da ya farfaɗo. Duk wanda ya tambaye shi yadda aka yi, likita ne, Kyaftin ne, Baba ne, amsa ɗaya yake bayarwa, bai tuna ba. Alhali ba abin da ya manta.

Tseren ba na ƙwararru ba ne. Malaman makaranta ne, da teloli, da direbobi, da ɗalibai irinsa, kowa da keken da ya tara wa kuɗi ya saya na hannu. Kofi ake bayarwa, da sabuwar hular kwano. Amma Auta ya shekara yana shirinsa, kullum da sassafe yana hawa tudun bayan gari har cinyoyinsa su riƙa rawa.

Ranar kuwa ya makara. Ya gama shiri tsaf, ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba, yana jira ko Baba zai ce masa Allah ya ba da sa'a. Baba yana kan benci da kofin shayi, bai ko ɗago ba. Har mai motar da za ta kwashi kekuna ya gaji da danna oda.

Mahaya suna da al'ada a bakin layi: kowa ya tura kekensa gaba, ya matsa birkin hagu, ya matsa na dama, ya ga kowanne ya kama tayarsa. Auta bai samu yi ba. Yana isa alƙali ya riga ya sa usur a baki, da ƙyar aka ɗaura masa lamba.

Farkon hanyar hawa ne zalla, ba inda mutum zai nemi birki. Ya wuce tela. Ya wuce direban nan mai ƙaton ciki da yake ta haki yana kiran sunan uwarsa. Ya wuce Kyaftin kansa, har Kyaftin ya ɗaga murya yana dariya, "Auta, ka rage mana hanya mana, mu ma da iyalinmu muka zo kallo."

Da ya kai ƙololuwa, mutum biyu ne kawai a gabansa. Iska ta bugi gumin fuskarsa. Bai taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba.

Sai gangaren da mahaya suke kira Matakala: duwatsu a jere kamar matakalar bene, a ƙarshensu kwana mai kaifi. Ya san ta kamar tsakar gidansu. Ya ja jikinsa bayan sirdi, ya saki keken ya bi duwatsun, da kwanar ta matso ya sa yatsun dama ya matsa birkin baya, yadda ya yi ba adadi.

Tayar gaba ce ta kafe.

Ya ga sama. Ya ga keken a samansa. Ya ji wani sauti a bayansa kamar an taka busasshen kara.

Tun da ya buɗe ido a gadon nan yake juya abin a ransa, kuma wuri ɗaya yake tsayawa: Dogo ya kwance wayoyin birkin don ya sa musu mai, ya mayar da su a juye. Ya kasa yafe masa. Ya kuma kasa faɗa, don ya san ranar da maganar ta fita, ba mahayin da zai ƙara miƙa wa Dogo ko bututun taya.

"Wai Baba," Yaya ta ce tana miƙa wa Auta ɓarin lemo, "me za ka gaya musu da ba su sani ba? Ɓoye keke dai kowa ya ji."

 Baba ya sosa gemu. Auta ya lura kamar kunya yake ji, abin da bai taɓa gani a fuskarsa ba.

"Akwai abin da na gani da idona," ya ce. "Ban so in faɗa ba, kada yaron nan ya ɗauka na goyi bayan wasan biran da suke yi a kan duwatsu."

Yaya ta ajiye wuƙar.

"Ranar da safe, da ya shiga wanka, na leƙa keken a baranda. Na ce tunda ya ƙi jin magana, bari in ga abin da zai hau." Ya dubi Auta. "Na matsa birkin dama, sai na ga tayar baya ta kama. Na matsa na hagu, sai ta gaba. A juye, Auta. A juye ya haɗa maka. Ni da na koya masa aiki da hannuna."

Lemon ya tsaya a bakin Auta.

"Tun da nake a duniya, babur ne, keke ne, birkin gaba a dama yake. Keken da na koyi tuƙi da shi haka yake. Hagu ai wurin kuloci ne, ko yaron da ya zo gareji jiya ya san wannan. Sai na ɗauko filaya. Na kwance wayoyin, na mayar da kowacce mazauninta, na ɗaure su tamau yadda ko ɗan taɓawa ka yi za su kama. Kafin ka fito na wanke hannu na zauna."

"Baba," Yaya ta ce, idanunta sun kawo ruwa, tana murmushi. "Ashe dai kana so. Ka bar yaro yana ta ɗaure takalmi a bakin ƙofa."

"So me? Aiki na gani ba daidai ba na gyara."

Ya kama yatsan ƙafar Auta ta saman bargo ya riƙe. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Shi ne kaɗai abin da yake sanyaya mini zuciya in na tuna. Ina cewa, da ban leƙa keken nan ba, da ba a gadon asibiti zan riƙa zuwa ganinka ba. Ko ba komai na yi maka wannan."

Auta ya ji kamar gadon ya zurma da shi. Warin man zafi ya cika masa hanci. Ya tuna Baba a kan benci da kofin shayi. Ya tuna hannayen a jiƙe suke, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannu. A lokacin ya ɗauka alwala ce.

Ya haɗiye lemon.

"Baba."

"Na'am."

"Kada ka faɗi wannan a gabansu."

"Saboda me?"

"Ka bar maganar kawai. Abin da Allah ya rubuta ne."

"Na yarda Allah ya rubuta. Amma gobe ɗan wani zai hau abin da yaron nan ya haɗa. In ya juya birki, me kuma ya juya da ban gani ba? Me ya sa ya ɓoye keken? In na yi shiru wani ya karye, me zan ce wa uban?"

"Don Allah, Baba. Ni na roƙe ka."

"Kana kwance ba ka jin ƙafarka, kana kare aboki." Baba ya girgiza kai, ya miƙe, ya ɗauki takardar maganin da nas ta bari a kan durowa. "Halin uwarka ne wannan, ba nawa ba. Bari in karɓo maganin nan in yi salla."

Takunsa ya yi nisa a baranda. Auta ya jira har ya daina ji.

"Yaya, Dogo yana nan?"

"Yana inda yake kullum, kan bencin ƙarƙashin bene. Masu shara har sun fara gaishe shi, sun ɗauka ma'aikaci ne." Ta ƙura masa ido. "Lafiya? Ka ga yadda fuskarka ta koma?"

"Kira mini shi."

"Kai da ka ce ko inuwarsa—"

"Yaya, kira shi. Da sauri."

Dogo ya shigo yana sunkuyar da kai kamar ƙofar ta yi masa gajarta. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya tsaya daga nesa da gadon, hannayensa a baya, idonsa ya sauka a kan bargon da ya rufe ƙafafun, ya yi maza ya ɗauke.

"Sannu, Auta. Ya jikin?"

"Ina keken?"

"Yana wuri mai kyau."

"Ka duba birkin?"

Dogo ya dubi Yaya, ya dubi ƙasa.

"Dogo, magana nake maka."

"Na duba. Tun a kan dutsen, kafin motar asibiti ta tashi."

"Ka san wanda ya taɓa shi."

 Dogo ya jawo kujerar roba ya zauna.

"Mutum ɗaya na sani da yake lanƙwasa bakin waya ya naɗe shi kamar jelar kunama," ya ce. "Da ranƙwashi ya koya mini. Ina gani na gane."

"Wai me kuke cewa ne?" Yaya ta tambaya. "Baba ai gyarawa ya yi. Yanzu ya gama faɗa."

"Yaya," Dogo ya ce a hankali, "kekunanmu ba kamar babur ba ne. Haka suke zuwa, na gaba a hagu, na baya a dama. Haka hannun Auta ya saba tun ranar da ya fara. A gangare irin Matakala mutum ba ya tunani, hannu ne yake yi masa. In ka damƙi na gaba da ƙarfin da ka saba damƙar na baya..."



Yaya ta dubi Auta. Ta dubi ƙafafun. Ta sa bakin mayafinta ta toshe bakinta, kafaɗunta suka fara rawa, ba sauti.

"Ni na zaci kai ne," Auta ya ce. "Duk kwanakin nan."

"Na sani. Ai gara haka."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? In je gareji in ce, Maigida, barka da aiki, kai ka karya ɗanka?" Dogo ya murza fuskarsa da tafin hannu. "Mutumin nan ya ciyar da ni lokacin da ba ni da kowa. Ni zagi zan sha, in ya yi yawa mari. Zan iya ɗauka, tsawon nan nawa ai ba na banza ba ne."

"Za su hana ka taɓa keke."

"Sai in koma faci a bakin titi. Dama tun da abin ya faru ko iska ba wanda ya zo sha a rumfar." Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ido ba. "Shi fa? In ya sani, kana ganin zai ƙara riƙe filaya? Kana ganin zai iya shigowa ɗakin nan ya dube ka? Kai kana buƙatar wanda zai ɗaga ka ya kwantar, Auta. Ba ni ba ne wannan. Shi ne."

Hawaye ya gangaro wa Auta ta gefen ido ya shiga kunne. Hannun hagunsa yana rataye a wuya, na daman kuma ya kasa ɗaga shi ya share.

"Yau zai faɗa," ya ce.

"Zai faɗi me?"

"Duka. Yadda ya same shi, yadda ya gyara. A gaban su Kyaftin. Gani yake hujja ce a kanka."

Dogo ya miƙe tsaye har kujerar ta faɗi.

"Duk wanda ya taɓa sauka Matakala zai gane kafin ya rufe baki."

"Shi ya sa na kira ka. Ka tare su a bakin ƙofar asibiti. Ka ce likita ya hana dubiya, ka ce barci nake, ka ce komai."

"In ba su ji nawa ba fa? Yanzu ko gaisuwata da ƙyar suke amsawa."

"Ni zan je," Yaya ta ce, tana share fuska da sauri, tana neman takalminta a ƙarƙashin gado. "Ni za su ji. Daga baya ma san yadda za mu yi da Baba, in ce masa—"

Hayaniya ta taso daga baranda. Dariyar direban nan mai ƙaton ciki ce, ba mai irinta. A cikin muryoyin kuma akwai ta Baba, yana cewa, "Nan ne, ku shigo, ku shigo. Allah ya sa na gamu da ku a ƙofa."

Suka shigo su wajen shida, wasu da hular kwano a hannu, don a kan kekunan suka zo. Kyaftin yana gaba, mutum mai furfura a gemu, malamin makaranta ne, ya rungumo ledar ayaba da lemo.

"Zakaranmu," ya ce. "Ka wuce ni a tudu, ka zo nan kuma ka riga ni hutawa."

"Ya jiki, Auta?" in ji tela. "Na ɗinka maka sabuwar riga, tana jiranka. Wannan karon na sa aljihu, ka daina cusa dabino a wando."

Auta ya yi ƙoƙarin murmushi. Sai dariyar ta mutu da kanta, don sun ga Dogo a tsaye a jikin bango.

Baba ma ya gan shi.

Ya ajiye ledar magani a kan durowa a hankali.

"Madalla," ya ce. "Allah ya kawo ka. Dama ba na son in yi maganar mutum a bayan idonsa."

"Baba, mutane dubiya suka zo," Yaya ta ce. "Ka bari su zauna tukuna. Zo mu je waje, ina son in gaya maka wani abu."

"Ya jira."

"Baba, ni ne na yi gudu fiye da kima," Auta ya ce. "Na tuna yanzu. Ban rage gudu ba kafin kwanar, ina son in kamo na gabana. Ba laifin kowa—"

"Yi mini shiru. Jiya ba ka tuna ba, yau da ka ga abokinka ka tuna."

Dogo ya tako gaba. Ya durƙusa a gaban Baba, gwiwa biyu a ƙasa, a kan simintin asibiti.

"Maigida, ba sai ka faɗa ba. Na amsa. Ni ne. Ban ɗaure birkin da kyau ba, waya ta saki a gangare. Shi ya sa na ɓoye keken. Kyaftin, kun ji da kunnenku. Duk hukuncin da kuka yanke na ɗauka. A bar maganar a nan."

Direban ya ja tsaki. Tela ya kau da kai.

Auta ya rufe ido, yana roƙon Allah a ransa ya sa a tsaya a nan.

"Ƙarya kake," Baba ya ce.

"Maigida—"

"Ko a neman gafara sai ka yi ƙarya. Waya ba ta saki ba. Wayar da na ɗaure da hannuna ba ta saki."

Kyaftin ya ɗago.

"Kai ka ɗaure, Baba?"

"Ni na ɗaure. Ku tsaya ku ji irin aikin da yake muku."

Ya faɗa musu. Bai rage komai ba. Baranda, da wanka, da filaya. Har yana kwatantawa da hannu, ga dama, ga hagu, ga yadda ya same su a juye, ga yadda ya zare wannan ya kai can, ya zaro waccan ya kawo nan, ya ɗaure tamau.

"Ko ɗan taɓawa ka yi za ta kama," ya ƙarasa. "To ku gaya mini, wanda bai san inda birkin gaba yake zama ba, shi za ku riƙa ba wa kekunanku?"

Ya tsaya yana jira.

Ba wanda ya dubi Dogo.

Kyaftin ya sauke ledar ayabar a ƙasa kamar ta yi masa nauyi. Tela ya sunkuyar da kai yana juya hular kwanonsa. Direban da bakinsa ba ya rufuwa ya buɗe shi, ya mayar ya rufe. Can baya wani ya yi salati ƙasa-ƙasa.

Har mutumin gadon kusa ya rage ƙarar rediyonsa.

Baba ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi Yaya, ta juya masa baya tana kallon taga. Ya dubi Dogo da yake durƙushe, hawaye yana ɗiga daga haɓarsa.

"Me na faɗa?" ya tambaya.



"Malam," ya ce wa Kyaftin. "Kai babba ne. Naka keken, a wane hannu birkin gaba yake?"

"Baba, wannan ai kowa da yadda ya saba, wani ma—"

"Ban tambaye ka kowa ba."

Kyaftin ya dubi ƙasa.

"Hagu."

"Kai fa, tela?"

"Hagu ne, Baba."

"Kai?"

 Direban hannun hagunsa kawai ya ɗan ɗaga.

Baba ya daɗe a tsaye. Auta yana kallon fuskarsa, ya san wannan kallon, shi ne wanda yake yi in an kawo masa babur ya kasa kunne yana sauraron inji, yana bin ƙarar a hankali har ya kai inda ciwon yake. Ya ga lokacin da ya kusa kaiwa. Ya ga yatsun hannun daman Baba sun motsa su kaɗai, sun lanƙwashe a iska kamar sun kama wani abu.

Ya tako zuwa bakin gadon. Ya zauna. Ya ɗauki hannun daman Auta ya riƙe a cikin nasa, hannayen sun yi sanyi, har yanzu suna warin man zafi.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Ka ce ka tuna."

Auta ya nemi Dogo da ido.

"Kada ka dube shi," Baba ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar ba tasa ba. "Ni za ka duba. Da ka zo kwanar nan, wane hannu ka matsa?"